Igwar da Muke Cewa Tamu

Ran Talata ne. Na yi asuba, na sha koko, na fito da keken ɗinkina bakin zaure kamar kullum. Wandunan sojoji uku na jiran faci. Matata Hajara tana wanke-wanke. Inna tana tsintar wake a gindin darbejiya, 'yata Ummi na ɓata mata aiki.

Shekara biyu ke nan rundunar igwa ta yada zango yamma da garinmu, Zalmari. Ni nake ɗinka musu lamba a kafaɗa. Na san sunayensu, na san awon ƙugun kowa. Sukan yi harbi ta saman kanmu zuwa dutsen da 'yan bindiga suke ɓuya. Kunnenmu ya saba. In ƙara ta taso daga yamma sai mu ce tamu ce, ko kaza ba ta tashi. Har taƙama muke yi wa mutanen ƙauyuka, wai mu muna da masu tsaro.

Ƙarfe tara da kwata muka ji babura ta gabas, sai harbi tas-tas wajen kasuwa. Mutanen dutse sun shigo. Maƙwabta suka fara gudu. Hajara ta ɗauko mayafi ta tsaya tana kallona.

Tara da rabi igwa ta buga daga yamma.

"Ku shiga ɗaki!" na ce. "Tamu ce!"

Da bakina na faɗa. Suka shiga ɗakin Inna. Ni kuwa, sarkin wayo, na tsaya jan keke cikin zaure kada a sace.

Ba dogon fiton harsashin da muka sani ba ne, wannan gajere ne. Ta farko ta faɗa bayan masallaci. Ta biyu ta faɗa gidana. Kunnena ya toshe. Da ƙura ta lafa, ɗakin ya zauna ƙasa. Hajara ta rarrafo ta inda ƙofa take a da, hannunta na hagu yana lilo. Na kama tonon ƙasa da farce ina neman Inna da Ummi. Ta uku ta faɗi, ta huɗu ta faɗi. Wani maƙwabci ya fizgi rigata.

"Tashi! Ku gudu!"

Muka nufi sansanin, don nan muka sani. A shingen shiga, sojan da wandonsa ke kan kekena ya ɗaga bindiga.

"Dégagez! Dégagez!" in ji shi da Faransanci, wato ku bar nan.

Bai ko dubi fuskata ba. Muka faɗa gonakin dawa. Da azahar na ɗaure wa Hajara hannun da ɗankwali a busasshen rafi. Da la'asar muka samu amalanken shanu. Kwana uku bayan haka aka yanke hannun a asibiti. Motar albasa ta kawo mu Ngaoundéré, jirgin ƙasa ya sauke mu Yaoundé.

Yanzu ina ɗinki a unguwar Briqueterie, a shagon wani ɗan garinmu. Hajara ba ta taɓa ce mini kai ne ba. Da ta faɗa sau ɗaya, da na samu sauƙi.

Watan jiya wani tsohon soja ya shigo da yadi kore da zaren zinariya. Ƙungiyar 'yan ritayar rundunar igwar nan za ta yi biki, suna son tuta. Ya miƙo takarda, an jera duk wuraren da suka yi yaƙi tun kafuwarsu. Na bakwai Zalmari ne, da kalmar "victoire", wato nasara, a gefe.

"Maître, ka fito da wannan da kyau," in ji shi, don haka ake kiran babban tela a nan. "Wurin nan mun sha aiki."

Na tsani mutumin, na tsani yadin. Amma shagon ba nawa ba ne. Na ɗinka, kuma ya yi kyau.

Takardar ba ta da gurbin sunan mutane. Inna ta haura saba'in. Ummi ko shekara huɗu ba ta cika ba. Ban binne ko ɗaya ba.