Ranar da Inna ta ji Yaya yana sauraron iska

Ko zan manta komai na zamanmu a Toranke, ba zan manta hutun da yayana ya zo daga ƙasar waje ba, a farkon shekarun saba'in. Karatun taurari aka tura shi, kuma kaf gidanmu ba wanda ya san abin da ake yi da shi. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta yi masa magana kai tsaye. Ni ce 'yar aike, ko da suna zaune a inuwa ɗaya.

Wata rana da hantsi muna ɓarar gyaɗa ta ce, "Tambayi wancan, wai me yake karantawa?"

Yaya ya gyara zama, baki har kunne. Ya ce farin layin nan da ke ratsa sama tarin taurari ne, mu ma a gefensa muke. Can tsakiyarsa akwai wata iska tsakanin taurarin, tana ta kewayawa, wata ma ta ɓalle ta yo wajenmu da gudu. "Ba a ganinta, Inna, sai dai mu saurare ta da wata na'ura mai kama da ƙaton faifai."

Gyaɗar hannun Inna ta zube. Shi wani abu mai kama da hayaƙi yake nufi, ita kuwa iskokin da ke hawa kan mutane kawai ta ji. "Ce masa ba zai koma ba," in ji ta.

Yaya ba zai taɓa tafiya ba albarkarta ba, ga motar Kano ranar kasuwar Gaya za ta tashi, in ta wuce shi karatun ya tafi. Bawan Allah ya yi bayani har muryarsa ta dishe. Ya juya kunu da ludayi don ta ga yadda iskar ke zagayawa. Ta ce in ce masa ya daina wasa da abinci. Na ci dariya, amma wallahi tausayinsu ya kama ni.

Ana gobe kasuwa ta karɓo rubutu wajen liman, ta dire ƙwaryar a gabansa. Na zaci zai sake sabon bayani. Sai ya yi bisimilla ya shanye tas, har da ɗauraye ƙwaryar.

Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi masa magana da bakinta, ni ina gefe ba aiki. "Kai, in ta kira ka, kada ka amsa."

"To, Inna."

"Allah ya yi maka albarka."

Har ta koma ga Allah ba ta gane wace iska ce ba, shi ma bai sake gwada fahimtar da ita ba. A ranar rubutun nan na koyi cewa mai tsoro saboda kai ba hujja yake jira ba. So yake ya ga ka ɗauki tsoron nasa da muhimmanci, sai ya sake ka ka tafi.