Ranar da na shanya littattafan Farfesa

Akwai wata rana da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce ranar da na kwashi littattafan wani tsohon Bature na shanya su kamar barkono.

Lokacin shekarata biyu da zuwa New York. Muna zaune a unguwar Tremont ni da maigidana, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kamfanin da ya ɗauke ni ya tura ni wurin wani farfesan kimiyya da ya yi ritaya, yana zaune shi kaɗai a hawa na tara a Manhattan. 'Yarsa ɗaya ce, lauya, irin matan nan da ko gaisuwarka suka amsa sai ka ji kamar a kotu kake. Ni dai Baba nake ce masa, har ya saba.

Baba yana da wani ɗaki da kullum labulensa a rufe, ga wata na'ura a lungu tana ta gurnani ba hutu. A ciki akwai kabad na gilashi cike da tsofaffin littattafan ilimin taurari da lissafi. Wanda ya fi ji da shi wani ƙato ne mai bangon farar fata, ya ce ya haura shekara ɗari huɗu, tun zamanin da Turawa ke gardamar ko ƙasa ce ke zagaya rana. A cikinsa akwai faya-fayan takarda da aka ɗaure da zare, in ka juya su sai su nuna inda wata zai tsaya. Ranar da ya nuna mini shi sai da ya sa na wanke hannu sau biyu, kamar zan ɗauki jariri. Ban taɓa tambayar dalilin duhun ɗakin ba. A raina na ce rigimar tsufa ce kawai.

To ni 'yar malam ce. Na tashi a Kano ina ganin duk ƙarshen damina mahaifina yana fito da littattafansa tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, a baje su, a danne da duwatsu su sha rana. Ni ce ma mai korar kaji. Saboda haka a sanina, maganin littafin da ya yi danshi rana ce.

Wata safiya a tsakiyar zafi na shiga share ɗakin, sai na tarar na'urar, wadda daga baya na gane ta tsotse danshi ce, ta yi shiru, ɗakin yana warin danshi. Baba yana barci. Na ce yau zan yi abin kirki, ya tashi ya sa mini albarka. Mabuɗin kabad yana cikin kofin da ya saba ajiyewa. Na ɗauko ƙaton nan da ƙanana biyu, na shimfiɗa tawul a teburin baranda. Ƙananan na buɗe na danne da cokula, ƙaton kuwa na kifa shi a buɗe, bango a sama, don shi ya fi wari. Niyyata rabin awa.

Rabin awar ba ta cika ba na ji Baba yana kirana da wata irin murya. Na same shi ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Daga nan babu abin da ke kaina sai kiran motar asibiti, da neman jakar magungunansa, da kiran 'yarsa wadda ta ce tana wani gari, sai yamma za ta iso.

Sai wajen la'asar, bayan likita ya ce an shawo kan abin, ina zaune gefen gadonsa a asibiti na ji tsawa. Na kalli taga, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Wallahi a take na tuna littattafan suna baranda. Na ga kaina a hannun 'yan sanda, na ga 'yarsa tana nuna ni da yatsa, na ga maigidana a ƙofar masallacin unguwarmu yana rasa abin da zai ce wa mutane. Wa zai yarda taimako na yi niyya? Cewa za a yi na fitar da su ne don in sace. Ga shi a aikinmu ba a barin mara lafiya sai danginsa sun iso. In tafi in rasa aikina, in zauna littafi ya jiƙe. Gaba kura, baya sayaki.

Ba zan ɓoye ba, sau biyu ina miƙewa da niyyar in ce zan shiga banɗaki in sulale. Sau biyu ina komawa in zauna. A ƙarshe na durƙusa gefen gadon kamar yadda zan durƙusa wa mahaifina, na faɗa masa abin da na aikata. Ina ji na'urar da ke ƙirga bugun zuciyarsa ta ƙara sauri. Na ce shi ke nan, na lalata littafi, ga shi zan kashe mai shi.

Ya dube ni ya ce, "Tun ƙarfe nawa?"

Na ce tun tara.

"Je ki," ya ce. "Zan faɗa wa nas ni na aike ki."

Allah ya haɗa ni da direban tasi ɗan Zangon Ghana. Ya ji ina ta innalillahi a baya, ya leƙo ni ta madubi ya tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce littafi na bari a waje. Ina jin ya ɗauka taɓin hankali gare ni, ga cunkoson motoci ya tsare mu.

"Hajiya, ka yi hankuri, traffic ne," ya ce. "In ya jiƙe, mu je Canal Street mu nemi wani."

Da wata rana ce da na yi dariya, don titin masu sayar da kayan jabu ne. A lokacin ruwa ya riga ya ɓarke, kowane ɗigo da ya bugi gilashin motar ina jin sa a ƙirjina.

Da na isa, takalmi ɗaya a hannu, na faɗa barandar da gudu. Ko ɗigo bai taɓa littattafan ba, barandar maƙwabcinmu na sama ta kare su, iska kuma ta kaɗa ruwan wani gefen. Na buɗe baki zan yi hamdala sai idona ya sauka kan ƙaton. Bangon fatar ya ƙanƙance ya nannaɗe kamar ganda a kan wuta, ya ja ɗinkin har ya tsage, faifai ɗaya ya ɓalle daga zarensa. Ruwan da na yi ta tsere da shi bai yi komai ba. Ranar da na kai su gabanta da hannuna ita ta gama ɓarnar tun kafin azahar. Sai lokacin na gane abin da ya sa Baba bai tambayi ruwa ba, lokaci ya tambaya. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

'Yarsa ta ce sai ta kai ƙarata kamfani. Kwana uku duk wayar da ta shigo sai in ɗauka kamfani ne. Ranar da aka sallamo Baba ya sa na kawo masa littafin. Ya daɗe yana shafa bangon, na ga ƙwalla a idonsa. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Ya tambaye ni dalili, na ba shi labarin tabarma da duwatsu da kaji.

"Mahaifinki ya san littattafansa," ya ce. "Ke ba ki san nawa ba. Ni kuma shekara guda kina gidan nan ban taɓa gaya miki abin da ya sa nake rufe labule ba."

Shi ya hana 'yarsa kiran kamfanin. Aka kai littafin wurin masu gyara ya yi watanni, ya dawo an ɗaure faifan, amma bangon bai sake kwanciya daidai ba. Na ƙara shekara uku a gidan har Baba ya rasu, kullum in ina goge gilashin kabad sai na ga littafin nan bakinsa a ɗan buɗe.

Abin da na koya shi ne kyakkyawar niyya ba ta isa ba in babu sani, kuma abin da yake magani a gidanmu yana iya zama guba a gidan wani. Littafin da ya yi shekara ɗari huɗu lafiya a hannun mutane, ni na nakasa shi a wuni ɗaya da sunan taimako. Har yau duk gidan da na shiga aiki na ga labule a rufe, ba na taɓa shi sai na tambayi dalili.