Motar da Ta Daina Tari

Babanmu bai iya zama ba. In ka ba shi kujera sai ya ɗosana a bakinta, ƙafar dama na rawa, makullan mota na kacau-kacau a hannunsa, kafin ka zuba masa shayi ya miƙe wai ya tuna wani abu a waje. Abokan aikinsa Ba-Zama suke ce masa, kuma yana amsawa. Abin dariyar shi ne, mutumin nan ƙwai yake dako. Tun ina goye yake kwaso kiret-kiret daga gidajen kaji na bayan gari yana raba wa masu shaguna, a wata tsohuwar farar bas da ya cire wa kujerun baya. Ban taɓa jin an ce ya fasa wa wani ƙwai ba, domin a bayan sitiyari kaɗai hankalinsa ke kwanciya.

Ita kuwa motar, kafin ka gan ta ka ji ta. Injinta na ƙarƙashin kujerar direba, kuma tun daga kwanar layinmu yake fara sanar da kansa da wani gurnani mai kauri da ke sa tagogi karkarwa. In Baba ya kashe ta a ƙofar gida ba ta mutuwa nan take. Sai ta yi jim, ta girgiza, ta yi wani tari kamar tsohon da ya ƙware da ruwa, sannan ta yi shiru. Bakanikensa, wani dogo da kowa ke kira Dogo, ya sha cewa laifin kafireta ne, a bari ya gyara. Baba ya ce a ƙyale ta, tarinta ba ya yaɗuwa.

Da ciwon suga ya cinye wa Mama idanu, na kwaso keken ɗinkina na dawo gida, na kafa shi a bakin tagar ɗakinta. A nan na ga abin da ya daɗe yana ci min rai. Baba ya daina shiga ɗakin. Magani bai taɓa yankewa ba, abinci ma haka, amma duk a hannuna yake danƙawa daga bakin ƙofa. Ba zai iya kallon idanun nan a buɗe ba sa ganinsa ba. Da safe ya tayar da mota ya fice, da yamma ya dawo ya ɗage kujerar direba ya dulmiya kai cikin inji, yana kwance filogi yana ɗaurewa har a kira shi cin abinci, ya ci a tsaye a tsakar gida.

Mama ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Da ƙarar motar take auna yininta. In ta ji gurnanin daga kwana sai ta gyara zama, ta shafa ɗankwalinta ta daidaita, ta jira tarin. Da an yi shi sai ta ce, “To, direba ya dawo lafiya.” Ni kuwa sai in taka keke da ƙarfi don kada bakina ya suɓuce. Abin da ya rage tsakanin mutanen nan biyu ke nan, tarin mota.

Sai mai ya yi tsada, ita kuma motar ta ƙara haɗama. Baba ya wayi gari gidan mai yake yi wa aiki. Yayana, wanda ke koyarwa a wani gari, ya zo hutu ya ga yadda ake ciki, ya zauna ya ce, “Baba, ɗayan biyu ne. Ko a sayar da ita ka huta, ko a sa mata injin da ba ya shan mai. Wannan kam ko garambawul aka yi masa ba zai tuba ba.”

Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya ce, “In huta in yi me?”

Mama daga kan gado ta ce, “Ku sauya abin da za ku sauya, amma ku samo mai murya. Kada ku kawo min motar da za ta shigo layi kamar ɓarauniya.”

Yaya ya yi dariya, ya ɗauka raha ce. Baba bai yi dariya ba. Ya juya makullai a yatsa ya fita.

Daga ranar nan gidanmu bai sake samun sakat ba. Baba ya zama ɗan binciken inji. Duk direban da ya tsaya kusa da shi a danja sai ya leƙa ya tambaye shi me ke cikin motarsa, kuma ya take sha. Ya dawo da shawarwari sun fi kiret ɗin ƙwansa yawa. Yau ya ce dizal zai sa, don an ce da kaɗan ake yin nisa. Gobe ya ce a'a, dizal ya yi wa ƙirjin motar nauyi, kuma girgizarsa za ta kaɗa masa ƙwai tun a hanya. Jibi ya ce irin na cikinta zai sake nema, mai ɗan sauran ƙuruciya. Dogo ya ce masa wannan sauya wa haɗama riga ne kawai. Shi Dogo ƙaramin inji mai injekta yake so a sa, irin wanda ke auna mai da kansa, tunda ƙwai ba buhun siminti ba ne. Baba ya ce bai yarda da injin da ba shi da wurin da mutum zai sa sukundireba ya murɗa ba.

Yana wannan lissafin ne yana zagaya tsakar gida, daga famfo zuwa igiyar shanya, daga igiyar shanya zuwa famfo. Na ce masa, “Baba, simintin nan fa zai lotsa.” Ya ce, “Auta, ke dai yi ɗinkinki.” Mama na jin takunsa ta taga, kanta na bin sautin kamar mai kallon ƙwallo.

Ranar da za a je kasuwar injuna na ce sai na bi su, don na san in aka bar shi zai zagaya kasuwar har a tashi bai zaɓi komai ba. Wuri ne da ƙasarsa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai, rumfuna jere, injunan da aka ciro daga wasu motoci a jibge kan tsofaffin tayoyi, kowanne da lambar fenti a jikinsa. Ban taɓa sanin yadda suke gwaji ba sai ranar. A nan ƙasa ake tayar da inji, ba mota, ba komai. A jawo batir, a tsoma tiyo cikin gorar ruwa da aka cika da fetur, a haɗa wayoyi biyu, sai ka ga abu ya zabura yana tsalle a kan taya, mutum biyu na danne shi da ƙafa. Mai saye kuma ya tsuguna ya zuba wa gorar ido ya ga yadda man ke sauka.

Mun shiga rumfa mun fita rumfa har ƙafafuna suka yi tsami. Wannan Baba ya ce yana hayaƙi, wancan ya ce an wanke shi da yawa, akwai abin da ake ɓoyewa. Na dizal ɗin da aka tayar mana ya saurara ya ce muryarsa ta injin niƙa ce. Mai rumfar ya dube shi ya ce, “Baba, inji za ka saya ko mawaƙi?” Baba ya yi gaba abinsa.

A rumfar ƙarshe Dogo ya nuna wanda yake so. Ɗan ƙarami ne, tsaf da shi, da murfin roba a kansa. Baba ya taɓe baki. Aka jona, aka tayar. Ƙarar da ya saki sai da na toshe kunne, kwanon rumfar ya ɗauki rawa. Man gorar kuwa kamar an roƙe shi kada ya motsa. Dogo na ta nuna gorar yana cewa, “Ka gani? Ka gani?” Amma ni Baba nake kallo, kuma ba gorar yake kallo ba. Ya karkata kai, ya ɗan lumshe ido, ƙafarsa ta tsaya cik.

Ya ce, “Wannan yana da murya.”

Na ce, “Baba, ai ba salansar da za ta rage ƙara a jikinsa. Duk cikinsu ihu suke yi a nan.”

Ya ce, “Ni za ki koya wa salansa? Tawa ta ruɓe tun kina makaranta. Ko ta cinye rabin ƙarar nan, rabin da ya rage ya isa a ji daga kwana.”

A ji daga kwana. Ni ya faɗa wa, amma bai kalle ni ba, ni ma na yi kamar ban ji ba. Haushinsa da nake ɗauke da shi ya ɗan sassauta, ya bar min tausayi, kuma ban ji daɗin canjin ba don na saba da haushin.

Kwanakin da motar ta yi a gareji sun fi kowanne wuya. Baba ya kasa zama a gida, ya kasa zama a gareji, Dogo har sai da ya roƙe shi ya daina tsaya masa a ka. Mama ta rikice da lokaci. Ta farka daga barcin rana ta tambaye ni ko gari ya waye. Kullum sai ta ce, “Yaushe za a sallamo ta?” kamar mai tambayar mara lafiya a asibiti.

Abin da ba wanda ya faɗa wa Baba shi ne, Dogo ya yi masa alheri. Da ya ga tsohuwar salansar ba ta dace da bakin sabon injin ba, kuma duk ta zama raga, sai ya cire ta ya jefar, ya sa wata mai lafiya da ke ajiye a garejinsa. Kyauta ya yi, don girmamawa.

Da yammar da aka gama, ina kan keke sai na hango farar mota ta taga tana tsayawa a ƙofar gida. Ban ji zuwanta ba, ni mai ido ma. Ta tsaya, aka kashe ta, ta mutu nan take ba ko atishawa. Baba ya zauna a ciki riƙe da sitiyari. Mama na kan gado, ɗankwalinta ya zame gefe.

Ta ce, “Auta, rana ta yi sanyi ko? Shiru babanku. Ya ce yau za a ba shi ita.”

Na ga Baba ya sake tayarwa, ya taka totur, motar ta yi wani ɗan gunaguni kamar firij. Ya kashe. Ya danna hon. Mama ta ce, “Wane ne kuma wannan yake damun mutane a ƙofar gida?” Sai ya sauko ya ɗage kujera yadda ya saba, ya tsaya yana kallon murfin roba mai tsabta, sukundireba a hannu, ba inda zai sa ta.

Mama ta fara laluben bakin gado. “Ko dai wani abu ya same shi a hanya? Sabon inji ai ba a san halinsa ba. Kira min shi a waya.”

Na fita. Yana ganina ya ce, ƙasa-ƙasa, “Ta ji?”

Na ce, “Ba ta ji ba. Hankalinta ya tashi.”

“Je ki ce mata na dawo. Gobe zan kai wa mai walda ya huda salansar.”

“Ko ya huda, Baba, tarin fa?”

Ya fi ni sanin tarin ya tafi tare da kafireta.

Ya ce, “To je ki faɗa mata.”

Ban taɓa ƙin aikensa ba tun da nake. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, wannan saƙon ba zan kai ba. Ga ƙofa nan.”

Ya dube ni kamar zai yi faɗa. Ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya goge gilashin da ba datti, ya rufe ƙofar da ke rufe. Daga ciki muka ji Mama na ta kiran sunana. Sai ya ajiye sukundireba a kan kujera ya nufi gida, ina biye.

A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya inda ya saba tsayawa, sannan ya cire takalmi ya shiga. Makullan ne suka yi kacau a hannunsa, Mama ta juyo da fuska.

“Direba?”

“Ni ne.”

“Ina motar?”

“Tana waje.”

“Ban ji ta ba.”

“Ba za ki ƙara jin ta ba,” in ji shi. “Na yi kuskuren zaɓe.”

Ta kai hannu ta daidaita ɗankwalinta, ta matsa gefe ta buga katifa da tafi. Ya ɗosana a bakin gadon, ƙafar dama ta kama rawa har gadon na amsawa. Mama ta laluba ta sami gwiwar, ta ɗora hannu a kai ta danne.

Ta ce, “Tana shan mai?”

Ya ce, “Ko kaɗan.”

Ta ce, “To a bar salansar yadda take. Gobe in ka dawo, ka shigo ka faɗa min da bakinka.”

Na koma kan keke na zauna, amma ban taka ba. Shayin da na zuba masa ranar sai da ya shanye shi tas, hannunta na kan gwiwarsa.