Gwiwar Kawu da Ramin Doya

Shekaranjiya a tashar Kafanchan wani saurayi ya shigo motarmu ya zauna kusa da ni, jikinsa sai warin man zafi, irin wanda 'yan ƙwallo ke shafawa. Fasinjoji suka hau toshe hanci suna mita, ni kuwa na juya fuska wajen taga don kada a ga idona. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, ni mace ce mai arhar hawaye, kuma wannan warin na ɗakin kawuna ne.

Kawu ƙanin Mama ne, autan gidansu. A hannun kakannina na tashi, a wani ƙauye bayan Madakiya, inda in damina ta wuce za ka ga kowane falalen dutse a rufe da citta da aka tsaga aka shanya. Ɗakin Kawu a kulle yake kusan duk shekara, don yana birni yana buga wa wata babbar ƙungiya ƙwallo. Sana'arsa ke nan, da ita yake ci yake sha. Ɗan wasan tsakiya ne. In ba ka san ƙwallo ba, ga yadda shi ya bayyana mini: shi ke ƙwato ta daga ƙafar abokan karawa, ya ɗaga kai, ya aika wa wanda zai jefa a raga. Kamar mai rabon tuwo a gidan biki, in ji shi, kowa ya ƙoshi amma ba wanda ya kalli fuskarsa.

To, a nan gizo ba ya saƙa komai, magana a fili take: kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, bai taɓa ganin ɗansa yana wasa ba. Ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya, rediyo ce idonsa. Ranar wasa sai ya ɗauke ta zuwa gindin mangwaro, tsofaffin ƙauye su kewaye shi. Mai sharhi kuwa ba ya ɗaga murya sai ga wanda ya ci, ko golan da ya kama. Sunan Kawu ko ya fito, kafin ka kasa kunne ya wuce. Tsofaffin nan kuma, Allah ya ji ƙansu, bakinsu ba ya mutuwa.

"Anya yaronka yana bugawa kuwa? Ko ruwa yake ɗaukar musu?"

Baba Tsoho yakan yi dariya tare da su, amma in ya shigo gida tuwon ma taɓawa kawai yake yi ya ture kwano.

Wata Kirsimeti Kawu ya dawo da babban labari. An kira shi gwaji a ƙasar waje, bayan Sabuwar Shekara zai tashi. Kai, ka ga murna! Zumuntar mata suka zo da kayan kiɗansu har tsakar gida, Fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a. Sai dai kocinsa ya ja masa kunne, kada ya kuskura ya taɓa ƙwallo a ƙauye.

Mu kuwa muna da al'ada. Washegarin Kirsimeti ƙauyenmu yakan kara da na ƙetaren rafi a filin firamare, tun kafin a haifi Mama ake yi. Duk ɗan ƙauyen da ya dawo gida, in aka kira shi ba ya cewa a'a. Wanda ya ƙi, sai a ce birni ya cinye shi, kuma kunyar kan ubansa take sauka. Samari suka zo kiransa, Kawu ya ba su haƙuri suka tafi suna gunaguni. Da safe, ina shara, na ji Baba Tsoho ya kira shi ƙofar ɗaki.

"Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka buga ko kaɗan ne, in gani da idona, su ma su gani."

"Baba, an hana ni."

"Wanda ya hana ka ɗin, shi ya haife ka?"

 Kawu ya shiga ɗaki ya fito da takalmansa.

Yanzu sai in gaya maka halin filin nan. A shekarun da Kawu ba ya gida, malaman makaranta sun fara noma doya a gefen da ke kallon rafi. In sun tone, sai 'yan makaranta su tura ƙasa sama-sama, ciyawa ta rufe sauran. Kowane yaro a ƙauyen ya san wannan gefen, ƙafarsa da kanta take kauce masa. Ba wanda ya gaya wa Kawu. Wa zai tsaya yana nuna wa ɗan gida filin da ya koyi wasa a kai? Rashin kunya ma za a ce ka yi masa.

Ban taɓa ganin wasa irin na ranar ba, kuma na daina sa ran gani. Mutumin nan ko gudu ba ya yi sosai. Ƙwallo ce ke nemansa, in ta zo kuma ba ya kallonta, idonsa na can gaba. Ya taɓa ta sau ɗaya, sai ka gan ta a ƙafar wani da ba ka ma lura yana wurin ba. Akwai ɗan mai wa'azinmu, wani dogo mai ƙafar hagu biyu, da muke yi wa dariya kullum. Ranar nan sai da ya ci har ya rasa irin rawar da zai yi. Na waiwaya na ga Baba Tsoho ya tashi daga benci, hula a hannu, yana girgiza kafaɗar tsohon da ya fi kowa tsokanarsa.

"Ka gani? Ashe shi ke raba musu! Ashe shi ne!"

Bakinsa bai rufe ba ƙwallo ta gangara gefen rafi, Kawu ya bi ta, ya kafa ƙafar dama zai juya. Ƙafar ta nutse, jikin ya juya, ita ba ta juya ba. Har inda muke mun ji ƙarar. Bai yi ihu ba, ƙasa kawai yake duka da tafin hannu. 

Mama ta yi kuka ta yi roƙo a kai shi asibiti Jos. Manya suka ce haba, asibiti ai yanke ƙafa suka sani, ga mai ɗori nan a ƙetare. Kawu ma bai musa ba, tsoronsa kada labari ya kai kunnen koci. Ba zan zagi mai ɗorin nan ba, mutumin kirki ne, hannuna na hagu ma shi ya ɗora shi. Amma ƙashi ya sani, ƙashin Kawu kuwa lafiyarsa lau, jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke. Aka ja, aka murza, aka ɗaure da karare. Lokacin da ya isa gaban likita gwiwar ta riga ta sandare, wani kuma ya tafi gwajin a madadinsa. Ƙungiyar ta sallame shi, ya dawo ya ɗauki fartanya ya shiga noman citta yana ɗingishi.

Baba Tsoho bai taɓa ce wa Kawu ya yi haƙuri ba. Tsofaffinmu ba su da wannan kalmar ga 'ya'yansu. Amma duk shekara, in Kirsimeti ta matso, sai ya ɗauki garma da kwando ya nufi filin makaranta shi kaɗai. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana cikewa, yana dannawa da diddige. Masu wucewa su ce masa sannu da aiki, ya amsa, ba mai tambaya. Haka ya yi har ƙafafunsa suka daina kai shi.

Yau an kewaye makarantar da katanga, ba mai noma a ciki. Samari suna buga wasan da riguna masu lamba, kuma a wayoyinsu sun haddace 'yan tsakiyar Turai kaf, suna musu har da rantsuwa kan wa ya fi iya raba ƙwallo. Su wuce Kawu a ƙofar gida su ce, "Sannu Baba mai citta." Ba su sani ba, shi kuma ba ya faɗa.

Ni dai gaskiya har yanzu ina jin haushin Baba Tsoho, ina kuma kewarsa, na rasa yadda zan yi da biyun. Bara na kasa daurewa, na zauna kusa da Kawu a tabarma na tambaye shi, me ya hana shi ƙi ranar nan? Sai ya ce:

"'Yata, da na ƙi, da ya mutu bai taɓa ganina ba."

Sannan ya miƙo mini hannu in taimaka masa ya tashi.