Ustaza Ramatu, Wadda Ta Mayar Da Ni Bakin Sitiyari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina duba ruwan mota a tashar Sinnar, ƙanen Ustaza Ramatu ya kira ni. Ta rasu.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, 'yar ƙauyenmu ce. Ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta, wanda muke kira ilmun nafs. Da yaƙi ya koro ta daga birni, sai ta shimfiɗa tabarma a rumfar makarantar 'yan mata, tana sauraron waɗanda tsoro ya hana su sakat.

Ni ban je da ƙafata ba. Matata ce ta kai ƙarata.

Direba ne ni tun ina saurayi. Bara, a gadar babbar tur'a, wato magudanar ruwan noma, aka buɗe wa motata wuta. Adamu maƙwabcina na zaune a gefena. Bai sauka da rai ba. Daga ranar, ko makulli na gani sai ƙirjina ya toshe. Wata bakwai motar na ajiye, har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Aka ce iska ce, aka yi ta ruƙiya.

Ustaza ba ta hana ba. Cewa ta yi, "Kawu Haruna, riƙe addu'arka. Amma wannan tsoron jikinka ne ya koye shi, kuma abin da aka koya ana iya warware shi."

Na ce mata ni na kashe Adamu, tunda ni na zaɓi hanyar. Ba ta lallashe ni ba. Tambaya ta yi: "Da ka tayar da mota ran nan, me ka sani game da hanyar? Ban da abin da ka sani yanzu."

Motoci uku sun wuce lafiya kafin ni. Wallahi ban taɓa tuna hakan ba sai da ta tambaya.

Daga nan ta zana mini tsani a takarda. Matakin farko, in riƙe makulli har bugun zuciyata ya lafa da kansa. Na yi kwana tara a wannan kaɗai. Sai zama a kujera, mota a kashe, ita tana tsaye a rana tana shan gahawar jabana da matata ta kawo. Sannu a hankali har na koma lodi.

Matakin ƙarshe gadar ce. Na ƙi. Kullum sai in zagaya ta cikin gonaki. Ta ce ba gaggawa.

Talatar makon jiya zazzaɓi ya kayar da ita, har jini na zuba ta hanci. Ruwan sama ya mayar da hanyar gonaki laka. Mota ɗaya ce a ƙauyen ranar, tawa.

Muna hango gadar ƙafata ta taka birki ba da izinina ba. Gumi ya rufe ni. Ƙanenta na dukan kujera yana cewa, "Yalla ya Hajj, don Allah!"

Tana kwance a baya kan cinyar mahaifiyarta. Da ƙyar muryar ke fita.

"Ku ƙyale shi. Kawu, faɗa mini abin da idonka ke gani."

Na ce ruwa. Jaki. Wata mata da jarka.

"Akwai mai bindiga?"

"Babu."

"To yau ce wannan, ba ran nan ba. Saki numfashi a hankali. Giya ɗaya kawai nake so."

Na sa giyar. Muka haye.

A ƙofar asibiti, ana ɗora ta kan gado, ta ɗago yatsa ta ce, "Komawa ma ta gadar za ka bi." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Tun safe zuciyata ke lissafa mini mintocin da na ɓata a gadar. Ƙanenta ya ce kwana takwas ta yi a hannun likitoci, kwana ne ya ƙare. Ina ƙoƙarin yarda.

Yanzu zan tafi asibitin. Ni zan kai ta gida, jana'iza bayan la'asar.

Ya Allah, ta cire wa bayinka tsoro, Ka cire mata na kabari. Ka gafarta mata, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai yi mata Fatiha ba.