Ranar da Buraima Ya Tsayar da Kayan Amarya

Tun asuba ake ruwa a ranar, irin ruwan Kumasi na watan Yuni, ba tsawa ba iska, ya zauna a kan kwanon rufi ya yi ta zuba. Lahadi ce. Sai wajen azahar ya ɗauke, rana ta leƙo, ƙasa ta hau tururi. Ranar ce za a kai kayan ɗakin Nasira daga Moshi Zango zuwa Aboabo, a fikof ɗin kawunta Buraima.

Buraima maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da wani abu. Mahaifinsa daga Tawa ya zo da fataucin albasa, shi kuwa a nan aka haife shi. Ya yi ɗora kaya da sauke su a manyan motocin Bawku har kafaɗarsa ta yi kanta, sannan ya koyi tuƙi. Daga baya ya samu wata farar fikof da wani kamfanin katako ya gaji da ita. Da ita yake ci da gidansa, ba shi da wata sana'a.

Kowa a unguwa ya san halinsa da motar nan. Inji, ya ce, ko ya lalace ana lallaɓa shi. Amma giya, ranar da fita, wato makanike, ya sauke ta ƙasa a Magazin, can Suame wurin masu gyara, to mota ta fara mutuwa ke nan, mai ita kuma ya zauna gida sai yadda hali ya yi. Saboda haka ba ya ɗora hannu a kan sandar giya yana tafiya. Ba ya jingina ƙafa a kuloci. Ba ya sa ribas sai mota ta tsaya cik. In ya tsaya a hawa, birkin hannu yake ja. Duk shekara, kwana uku bayan Babbar Sallah, yana juye man giya ya zuba sabo, ko mai ya yi baƙi ko bai yi ba. Tsohon man kuwa sai ya dangwala da yatsa ya shinshina, ya rufe ido kamar mai sayen turare. Direbobi su yi ta dariya.

Mutum ɗaya ce Buraima ba ya iya yi wa musu a duniya, yayarsa Hajiya Tayyiba, uwar amarya. Ita ta goya shi.

Aka loda kaya. Gado, katifa, kabad, tulin kwanoni da fantekoki sababbi fil, an ɗaure da igiya. Ni aka sa a gaba a matsayin dattijo, Hajiya ta matse ni daga gefen ƙofa. Mata kuwa suna biye da mu a tasi uku. Dole a jera ɗaki kafin la'asar ta wuce, don bayan ita za a kai amarya, dangin ango kuma suna can zaune suna jira.

Da muka kusa Aboabo, a wani kwari kusa da rafi, sai ga ruwa ya cinye hanya. Ja wur, yana tafe da robobi. Buraima ya taka birki.

"Yaya, mu zagaya ta sama."

"Ta sama? Mu isa gobe ke nan! Shiga."

"Ruwan nan ya kai gwiwa."

"Gwiwar wa? Kai da gajarta ko kwata ma gwiwarka ce. Ba ga Sulemana can ya wuce ba?"

Gaskiya ne. Sulemana, wani direban fikof abokin tsokanarsa, ya faso ruwan ya wuce mu yana ɗaga hannu. "Masta Buraima! In tana tsoron wanka ka goya ta!"

Buraima ya dube ni. Ni kuwa na dubi gilashi. Ya yi bisimilla ya shiga.

Muka haye lafiya. Masu tasi suka ƙi shiga, mata suka fito suka bi ta gadar katako suna riƙe da zannuwa, suna guɗa. Hajiya ta ce, "Ka gani ko?" Buraima ya ci gaba da tuƙi. Ya hau tudu kaɗan, ya samu busasshen wuri gaban wani shagon tela, ya kashe mota, ya ja birki, ya zare makulli ya sa a aljihu.

Yana sanye da farar shadda ta biki, sabuwa, ɗinkin ranar. Da ita ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin mota da sifana a hannu. Muka ga ƙafafunsa kawai. Can sai ya miƙo yatsa ɗaya waje.

"Baba Moro, duba mini. Wane launi?"

Na sunkuya. Na ce, "Kamar shayi da madara."

"Shi ke nan. Ruwa ya shiga giya. Motar nan ba ta ƙara taku ɗaya sai an juye."

"Ei!" in ji Hajiya. "Buraima, ka fito in ga idonka! Saura layi huɗu fa!"

"Ko layi ɗaya ne, Yaya."

"Surukai na jira!"

"Su surukai in sun jira ba sa lalacewa."

Mata suka kwashe da dariya, har da waɗanda ya kamata su taya Hajiya faɗa. Ya kira Abdul-Kudus, fitansa, a waya yana kwance, ya ce ya ɗauko man giya ya hau babur. Sannan ya ce a miƙo masa abin da zai tari man. Babu komai a motar sai kayan amarya. Wata ƙawar Hajiya mai suna Zuleha, wadda ba ta da wayo sai son taimako, ta kwance igiya ta zaro fanteka sabuwa mai furen ja ta tura masa ƙarƙashi.

Da Hajiya ta ga abin da ke tsiyaya cikin fantekar 'yarta, sai ta zauna a kan bencin tela ta dafe kai. Ta ce ita ta goya shi, da ta sani da ta ajiye shi a kasuwa. Ta ce ranar aurensa ita ta daka gero har tafinta ya fashe. Daga ƙarƙashin mota ya ce, "Na sani, Yaya. Allah ya saka." Sai man ya ci gaba da ɗiga, tal, tal.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta fito daga gidan da ke kallon mu, ta tsaya ta ji zancen. Ta ce, "To ku, kawunanku na ɗaura ɗankwali ne kawai? Ni kayana a ka aka kawo su unguwar nan, duk gari ya gani."

Sai Zuleha ta naɗe gyalenta ta yi gammo ta ɗora tulin kwanoni. Wata ta ɗauki madubi. Kafin in gyara hulata an kwashe rabin mota. Tela da abokan hirarsa suka ɗauki gado, mutum huɗu suka tallabi kabad. Ni aka miƙa mini agogon bango, na rungume shi a ƙirji.

Ban taɓa ganin irin wannan tafiya ba. Mata goma sha biyar a jere cikin leshi, kwanoni na ƙyalli a rana, ƙasa jiƙe, guɗa na tashi. Mutane suka fito ƙofar gida. Masu babur suka bi mu a hankali suna hon. Wani mai kalangu, ban san daga ina ya ɓullo ba, ya shiga gaba. Hajiya da ta taho a baya tana zagin ƙaninta, kafin layi na biyu ta koma tsakiya, kafin na uku tana rawa da tukunya a ka tana cewa, "A ba mu hanya! Kayan 'yata ne!" Ni ma, Allah ya yafe mini, na ɗan taka da agogo.

Dangin ango suka fito suna tambaya wa ya tsara wannan abu mai kyau haka. Hajiya ta gyara tukunya ta ce, "Ai mu haka muke yi a gidanmu."

An gama jere ana kiran la'asar. Sai ga fikof ta iso a hankali, babu komai a bayanta sai katifa da fanteka ɗaya da aka wanke da omo sau uku. Buraima ya fito, shaddar nan ta koma ja da baƙi, fuskarsa kuwa kamar an yi masa bushara. Hajiya ta kalle shi daga sama har ƙasa.

"Kai da iyalinka kun iso?"

"Mun iso, Yaya. Ta sha sabo."

Ta ce a zuba masa shinkafa, a sa nama da yawa, amma kada ya zauna a kan tabarmar mutane.

Bayan mako biyu Abdul-Kudus ya gaya mana motar Sulemana tana wurinsa, ta fara kuka a giya na uku, daga baya ta ƙi shiga kowanne. Buraima bai yi dariya ba. Ya riƙa kai wa Sulemana kayan kwastomominsa har motar ta tashi, sannan ya mayar masa da kwastomomin.

Yanzu Buraima yana nan Moshi Zango, gemu ya yi fari. Yana jigilar albasa da doya zuwa kasuwa kwana biyar a mako, da fikof ɗin nan dai, kuma har yau ba a taɓa sauke giyarta ba.