Rantsuwar da na yi saboda rumfa

Ni tela ne. A shekarun da nake magana a kansu, keken ɗinkina yana cikin wata rumfar langa-langa da ke jingine da bangon injin niƙan ƙauyenmu, a ƙasar Zoza. Rumfar ta mai injin ce, wani Alhaji ɗan kasuwa da ke da shagon tireda, yana kuma kai hatsi kasuwannin Rogo da Ƙaraye. Shi ya ce in zauna a ciki, bai taɓa neman komai a hannuna ba, sai dai in aljihun rigarsa ya yage in gyara. Duk abin da nake ci da iyalina daga bakin injin nan yake fitowa. Tsofaffin mata su kawo niƙa, kafin a zo kansu su miƙo mini zane ko wandon maigida in yi faci. Ran da injin ya lalace, ni ma ko maɓalli ba na ɗinkawa.

Sai gwamnatin soja ta kawo zaɓen layi. Yaran yanzu ba su san shi ba. Babu akwati, babu dangwala yatsa a ɓoye. Hoton ɗan takara ake kafawa a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, a bi a ƙirga kawuna, kowa yana kallon kowa. Alhaji ya fito neman kansila. Abokin karawarsa wani babban manomi ne mai rake da shanu daga gabashin mazaɓar. Ni tun ranar da na ji labari na san inda zan tsaya. Mutumin da ya ba ni inuwa, in ban tsaya bayansa ba bayan wa zan tsaya?

Ban san wanda ya ba shi shawarar ba, amma wata rana bayan la'asar ya tara magidantan unguwa a zaurensa. Da na shiga na ga an shimfiɗa buzu a tsaka, an ɗora Alƙur'ani a kai, ga buta cike da ruwa a bakin ƙofa don alwala. Alhaji ya ce kowa zai yi alwala, ya dafa, ya rantse cewa ranar zaɓe a layin Alhaji za a same shi.

Mahaucin garinmu ne ya fara. Mutum ne mai murya, ya rantse har ana jin sa a titi, ya ƙara da abin da ba a ce ya faɗa ba. Saura suka bi kamar ana rabon goro. Ni ina can ƙurya ina tunani. Matata tana da tsohon ciki a lokacin, in naƙuda ta kama ta ranar fa? In zazzaɓi ya kwantar da ni fa? In aka yi rasuwa a dangi? Ni da ko a ciniki ba na iya cewa wallahi, yaya zan dafa Littafin Allah a kan ranar da ban san ko zan kai ta ba?

"Malam tela, matso mana," in ji Alhaji. "Kai ai na gida ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina bayanka in Allah ya yarda. Amma a yafe mini dafawar nan."

Sai mahauci ya fashe da dariya. "Tela, kullum allura tana sukar ka ba ka gudu ba, sai yau? Dafa kawai, ba cizo yake ba."

"Ba tsoron cizo nake ba," na ce. "Gobe ce ba a hannuna take ba."

Alhaji ya dube ni, ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya kira na gaba.

Ranar zaɓe na riga kowa zuwa filin makarantar firamare. Alhaji ba ya nan, yana can babban gari inda jama'a suka fi yawa, ya bar ƙanensa ya tsaya masa. An kafa hotonsa a tsakiyar rana, na manomin kuma a gindin darbejiya. Na tsaya dab da hoton. Da hantsi ya ɗaga na waiwaya, sai na ga layinmu bai wuce tsawon igiyar shanya ba. Na duba wancan, na ga mahauci, na ga kusan duk waɗanda suka yi alwala da butar nan, suna tsaye suna hira.

Mahauci ya ɗago mini hannu. "Tela, rana za ta gasa ka. Ga inuwa nan, taho."

Na ce, "Rantsuwar fa? Kai mahauci, rantsuwar fa?"

"An biya ta," in ji shi. Waɗanda ke kusa da shi suka yi dariya.

Daga baya na gane abin da yake nufi. Manomin ya ji labarin zaure, sai ya aika da buhunan masara gida-gida, wai kowa ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan rantsuwa ta warware. Kaffara ai ta wanda ya kasa ce, ya yi nadama, ba ta wanda ya shirya karyawa tun masara tana kan jaki ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, firamare na gama sai allo, amma wannan ko jahili ya san wasa ne da abin da ba a wasa da shi. Miskinan ma da aka ce an ciyar, junansu ne. Wannan ya aika wa wancan kwanon tuwo, wancan ya aiko wa wannan, kowa ya zama miskinin maƙwabcinsa.

Na tsaya har aka zo ƙirga, aka taɓa kafaɗata aka wuce. Alhaji ya faɗi zaɓe.

Masarar kaffarar kuwa a injinsa aka niƙa ta. Ina zaune a rumfa ina kallon kwanuka suna shigowa, injin yana ta kuka daga safe har yamma. Ba zai iya korar mutanen ba, su ne cinikinsa. Mahauci ya ci gaba da zuwa shago sayen gishiri, su gaisa, a tambayi iyali. Ni ne kaɗai in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri.

Ba a jima ba ƙanensa ya zo ya tsaya a bakin rumfa, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce Alhaji yana bukatar wurin, za a ajiye gangunan man inji, in nemi inda zan koma.

Na ce, "Me na yi?"

"Kai ka ɓata abin. Da ka ƙi rantsewa a gaban mutane ne suka ga ashe ana iya juya masa baya. Kuma an ce ranar ma ba a ga inda ka tsaya ba."

"Ba kai ne a wurin ba? Ni ne fa a gaban layi!"

Ya ce, "Ni kawuna na bi, ban duba fuska ba."

Na tafi wajen mahauci, tunda ya yi mini magana ranar kowa yana ji. Yana fiɗa, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Tela, zancen ranar nan a bar shi. Kada ka sa ni cikin rigimarku da Alhaji, ni yanzu lafiya muke zaune." Duk wanda na tuntuɓa haka. Waɗanda suka gan ni, daga ƙarƙashin darbejiya suka gan ni, ba mai son ya tuna wa Alhaji inda shi ya tsaya.

Sai na je wurinsa da kaina, na durƙusa a zaure. Na ce, "Ranka ya daɗe, matata ta haihu, ga jariri ga sauran yara. In na bar bakin injin nan ban san mai kawo mini ɗinki ba. Na tsaya maka, Allah ya gani."

Ya ce, "To rantse."

Ya miƙa hannu ya sauko da Alƙur'ani daga alkuki. Na fita na yi alwala. Da na gama na yi shakkar ko na shafi kunne, na sake. Ina wankewa ina gaya wa kaina cewa wannan daban ce, abin da ya riga ya faru ne, kuma gaskiya ne. Na dawo na dafa, na rantse cewa tun safe ina layinsa har aka ƙirga ni. A rayuwata ban taɓa yi ba, ban kuma sake ba.

Alhaji ya yi murmushi. Ya ce, "Mahauci ma haka ya dafa, har ya fi ka ɗaga murya. Ni rantsuwa na ƙoshi da ita, malam tela." Ya mayar da Littafin inda yake.

To in ya san ba zai yarda ba, me ya sa ya ce in yi? Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni shekara da shekaru. Rantsuwar maƙaryata ya karɓa da hannu biyu, tawa ta gaskiya ya sa na yi don ya ga ko zan iya, sannan ya yi murmushi. Na kan kuma zauna in yi ta juya abin a raina, ko ya dace tun farko in dafa Littafin Allah saboda langa-langa da sanduna.

Washegari na ari kurar ɗaukar kaya na ɗora keken, na tura shi zuwa zauren gidanmu a ƙarshen gari, inda ba mai wucewa sai masu zuwa gona. Tsofaffin matan suka yi ta cewa za su riƙa kawo mini faci, kaɗan ne suka zo, don nisan ya yi musu yawa da kwano a ka. Kafin damina ta kama na rufe keken da buhu, na shiga ƙwadago a gonakin rake.